Wai wane ne Fa'iz ɗin nan da malaminmu na lissafi ya yi wa kuka?

Baban Ikram:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare 'yata tana kallon wani bidiyo a waya, ɗalibai ne a Indiya sun cika titi suna rera wata waƙa, na ce mata mene ne wannan kuma, tace wai waƙar wani marubuci ce Fa'iz Ahmad Fa'iz. Wallahi ina jin sunan sai da na ajiye cokali. A 1984 ina aji huɗu a sakandare muna da malamin lissafi ɗan Pakistan, lokacin ai makarantun gwamnati a Arewa cike suke da malamai Indiyawa da 'yan Pakistan, mutum ne da ba ya dariya ba ya makara. Wata safiya a watan Nuwamba hazo ya fara sauka ya shigo aji idonsa jajur, bai buɗe littafi ba, ya ɗauki alli ya fara rubutu daga dama zuwa hagu, mu duk mun zaci aya ce har wasu sun gyara zama. Muna iya haɗa baƙaƙen amma ba ma gane komai, sai kalma biyu, lauh da ƙalam. Ya juyo yace wannan allonku ne da alƙalaminku, mutumin da ya rubuta wannan ya rasu, a rediyo na ji. Ya zauna a kujera har aka kaɗa ƙararrawa bai ƙara cewa uffan ba. Mu yara murna muke an tsallake lissafi. Shekara arba'in ban taɓa bin zancen ba, dan Allah wanda ya san mutumin nan ya ba mu labari.

Ɗan Fagge:
Baba ko dai cikin masu rubuta waƙar fim ɗin Indiya ne? In haka ne ai nan kuka zo, ni na haddace su tun daga zamanin sinimar Marhaba

Malam Na Zariya:
Wa alaikumus salam Baban Ikram. Ranar 20 ga Nuwamba 1984 ya rasu a Lahor ta Pakistan, yana da shekara 73, ka ga lissafinka ya yi daidai ko da ba a koyar da lissafin ba ranar. An haife shi 1911 a yankin Siyalkot, garin da babban marubucin waƙa Muhammad Iƙbal ma ya fito, kuma a masallaci ya fara karatu kamar kowane yaron musulmi kafin a kai shi makarantar mishan. Daga baya ya yi digiri na biyu har guda biyu a Lahor, ɗaya a Turanci ɗaya a Larabci. Baitin da malaminku ya rubuta kusan na tabbata wanda ya yi a kurkuku ne lokacin da aka hana shi takarda da abin rubutu, ma'anarsa in na kawo ta kusa, in an ƙwace min allo da alƙalami meye abin damuwa tunda na tsoma yatsuna a jinin zuciyata. Ɗan Fagge ba ka yi nisa sosai ba, shi ba a fim ya yi suna ba amma abokan tafiyarsa su ne. Akwai ƙungiyar marubuta masu ra'ayin ci gaba da suka yi babban taronsu na farko a Laknau a 1936, manufarsu a daina waƙar fure da wata da giya kawai a dubi yunwa da bautar da ake yi wa manoma da mata. Sahir Ludiyanbi da Kaifi Azmi da Majruh Sultanpuri duk 'yan wannan tafiyar ne, su ne suka shiga Bombai suka riƙa rubuta wa finafinai waƙoƙi.

Ɗan Fagge:
Kai!! Sahir ai shi ya rubuta waƙoƙin Kabhi Kabhie. Wato duk shekarun nan da muke lumshe ido a sinima 'yan gurguzu ne ke rera mana ba mu sani ba hhhh

Ummu Hanan:
Ni na yi karatu a Indiya shekara huɗu, abin da zan ƙara shi ne can ba sai ka shiga ajin adabi za ka san shi ba. Wata 'yar ɗakinmu in ta yi faɗa da saurayinta baitin Fa'iz take tura masa, in za a fita zanga zanga kuma shi dai za ka gani a kwali. Na tambaye ta ya mutum ɗaya zai yi aikin biyu, sai ta kunna min wata da Nur Jahan ta rera. Farkonta kamar waƙar soyayya zalla, yana ce wa masoyiyarsa kar ki nemi irin son da na yi miki a da, yana yabon idanunta yana cewa da na zaci in na same ki duniya ta ƙare, can tsakiya sai ya juya ya fara kawo jikin mutane da ake sayarwa a kasuwa, cikin ƙura da jini da cuta, yace idona yana komawa can ma ya zan yi, har yanzu kina da kyau amma ya zan yi, akwai baƙin ciki a duniya banda na soyayya. Wlh tsigar jikina sai da ta tashi duk da fassara ake min. Wannan tana littafinsa na farko na 1941.

Abu Sumayya:
To ni dai bari in faɗi abin da kowa ke kewayewa. Mutumin nan ɗan kwaminis ne, Tarayyar Sobiyet ta ba shi lambar yabo ta Lenin a 1962, ƙasar da ta rufe masallatai a Bukhara da Samarƙand ta mayar da wasu ɗakin ajiyar kaya. Meye na kawo mana shi nan ana ta zuzutawa? Muna da Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u, ba mu gama karanta namu ba.

Kwamared Sawaba:
Abu Sumayya irin wannan maganar ce aka yi wa Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, kafirai ne, 'yan gurguzu ne, ba sa ganin girman manya, aka ɗaure su aka yi musu bulala a gaban alƙali, yau kuma kowa na rige rigen sa hotonsa a fosta. Duk wanda ya ce talaka mutum ne sai an nemo masa suna.

Abu Sumayya:
Kar ka haɗa min Malam da wannan. Malam tafsiri yake yi da azumi. Shi wannan fa?

Ɗan Zango Kumasi:
Salam 'yan'uwa. Kan batun lambar Lenin ina so in tuna muku a shekarar da aka ba Fa'iz, tare da Kwame Nkrumah aka ba su, da Picasso mai zane. Sekou Toure ya samu, Modibo Keita na Mali ya samu, ku ma a Najeriya Funmilayo Ransome-Kuti ta samu a 1970. A wancan zamanin duk wanda ke faɗa da Turawan mulkin mallaka Mosko ce ke miƙa masa hannu, Landan da Faris dai ba za su ba ka lambar yabo don ka kore su ba. Ban ce Rasha waliyiya ba ce amma a duba lokacin.

Malam Na Zariya:
Abu Sumayya tambayarka tana kan hanya kuma ban ga laifinta ba. Waƙar da 'yar Baban Ikram ta gani ita ce za ta ba ka amsa ko ta ƙara rikita ka. Ya rubuta ta a 1979, Janar Ziya'ul Haƙ ya kifar da firaministan Pakistan Bhutto a 1977 ya rataye shi a 1979 yana mulki da sunan musulunci. Asalin sunan waƙar daga Suratur Rahman ya ɗauko shi, wa yabƙa wajhu rabbika. Yana cewa za mu gani, lallai mu ma za mu ga ranar da aka yi alkawari wadda aka rubuta a allon azal, ranar da duwatsun zalunci za su tashi kamar auduga, kowa a nan ya san daga Alƙari'a wannan hoton ya fito, ranar da za a fitar da gumaka daga Ka'aba, a yi wurgi da kambunan sarauta a kifar da gadaje, sunan Allah kaɗai zai saura. Wato mutumin da ake ce wa ɗan gurguzu ya ɗauki harshen tashin ƙiyama ya nuna wa janar mai da'awar addini cewa kai ne gunkin. A 1986 bayan rasuwarsa mawaƙiya Iƙbal Bano ta rera ta a Lahor sanye da baƙin sari, tufafin da gwamnatin ke ƙyama wai na Indiyawa ne, in ka saurari kaset ɗin daidai wurin kambunan sarauta ba ka ma jin muryarta saboda ihun jama'a, dole ta dakata. Kaset ɗin a ɓoye ya riƙa yawo hannu da hannu.

Abu Sumayya:
Malam ka tsallake ƙarshen waƙar, na je na duba. Akwai anal haƙƙu a ciki, wato ni ne Gaskiya, maganar da ta sa aka kashe sufin nan Mansur Hallaj a Bagadaza. Yace ni ne kai ne. Wannan kuma ta ina za ka wanke shi? Ɗaukar ayoyi a yi siyasa da su ai shi ma abin tsoro ne ko wa ya yi.

Malam Na Zariya:
Ban tsallake don ɓoyewa ba, rubutun ne ya yi tsawo. Eh tana nan. Wannan tsohuwar al'ada ce a waƙar Farisanci da Urdu, harshen da Fa'iz ke rubutu da shi, Mansur da gungumen da aka rataye shi sun zama alamar duk wanda ya faɗi gaskiya aka kashe shi, kusan kowane mawaƙinsu ya taɓa shi. Ni ba wanke shi na zo yi ba, lahirarsa tana hannun Ubangijinsa. Abin da na sani ya rubuta marsiyyar Imam Husaini, kuma harshensa gaba ɗaya jiƙe yake da Alƙur'ani da sufanci. Abin dariyar ma a ƙarshen 2019 da ɗalibai suka rera ta a wata babbar makarantar fasaha a Kanpur lokacin rikicin dokar zama ɗan ƙasa, ƙara aka kai wai waƙar cin zarafin Hindu ce saboda zancen fasa gumaka da sunan Allah, har kwamiti aka kafa. A Pakistan an ce masa mulhidi, a Indiya an ce masa mai tsattsauran ra'ayin musulunci, waƙa ɗaya.

Maman Sadiƙ:
Ni duk wannan bai dame ni ba, matarsa nake son ji. Ummu Hanan an ce Baturiya ya aura?

Ummu Hanan:
Eh Anti, Alys sunanta 'yar Landan, a Srinagar aka ɗaura auren a 1941 kuma Shaikh Abdullah jagoran siyasar Kashmir ne ya ɗaura. Abin da zai burge ki a takardar auren an rubuta sharaɗi ba zai yi mata kishiya ba, kuma ya ba ta ikon sakin kanta in ya saɓa. Da aka kama shi a 1951 'ya'yansu mata biyu ƙanana ne, Salima da Muniza, mutane suka gudu suka bar ta saboda tsoron 'yan sandan ciki, ita ta riƙa aiki a jarida tana hawa keke cikin zafin Lahor tana ciyar da su, tana tara kuɗin jirgin ƙasa zuwa gidan yari.

Maman Sadiƙ:
Allah sarki. Kun ji ko maza, a rubuce. 1941 fa.

Ɗan Fagge:
Anti dan Allah kar ki kai zancen nan gida, ana zaune lafiya

Bakatsine:
Me ya yi aka kama shi? Waƙa ce kawai ko da wani abu a ƙasa? Don ni na saba in an ce an ɗaure marubuci sai ka bincika ka ga akwai lauje cikin naɗi.

Kwamared Sawaba:
Akwai ɗan lauje kam, ba za a ɓoye ba. Ana kiran shari'ar maƙarƙashiyar Rawalpindi. Wani Manjo Janar Akbar Khan da wasu hafsoshi sun ji haushin yadda gwamnatin Liyaƙat Ali Khan ta tsayar da yaƙin Kashmir, suka yi zama a gidan janar ɗin aka tattauna kifar da gwamnati, Fa'iz yana wurin a lokacin shi ne editan jaridar Pakistan Times, da Sajjad Zahir shugaban jam'iyyar kwaminis. Waɗanda aka kama sun ce an tashi zaman ba a amince da komai ba, gwamnati tace juyin mulki ne. Watan Maris 1951 aka kwashe su, shari'a a asirce cikin gidan yari, hukuncin kisa na yawo a kansu, bai fito ba sai 1955. Watannin farko shi kaɗai a ɗaki ba takarda ba ziyara. Kuma a nan ne ya yi waƙoƙin da suka fi kowanne, littafi biyu suka fito daga ɗaurin, ɗaya 1952 ɗaya 1956. A can ya rubuta wa Julius da Ethel Rosenberg da Amurka ta kashe a 1953 kan zargin yi wa Rasha leƙen asiri, a can ya rubuta wadda yake kiran Afirka ta taso, yana cewa na ji gangarki. Da Janar Ayub Khan ya karɓi mulki a 1958 aka sake mayar da shi.

Bakatsine:
To ka gani. Zama da sojoji ana shirya juyin mulki, mu da muka sha mulkin soja mun san ƙarshen wannan. Da ya yi nasara da wataƙila shi ne ministan yaɗa labarai yana ɗaure wasu marubutan.

Kwamared Sawaba:
Da da da. Da ba a yi ba ai ba a san ta ba. Abin da ya faru shi aka ɗaure.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Ni na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Abin da ya tsaya min ba addininsa ba ne, wannan tsakaninsa da Allah. Mutumin nan ɗan babban gida ne, ubansa lauya ne da ya yi karatu a Ingila ya yi wa sarkin Afganistan Abdurrahman aiki. Shi kansa ya shiga sojan Ingila a 1942 sashen farfaganda har ya kai laftanar kanar, Turawan da yake cewa yana yaƙa. Zamanin Bhutto ya karɓi muƙamin kula da al'adu. Sannan da Rasha ta shiga Afganistan a ƙarshen 1979 tana ruwan bama bamai kan ƙauyuka, ƙasar da ubansa ya ci arziki, ina waƙar? Ya yi wa Falasɗinu, ya yi wa Afirka, ya yi wa Amurkawa biyu, a nan kuma alƙalamin ya bushe. Mu nan Nijar mun ga irinsu, masu zagin Faransa da Faransanci mai kyau daga otal.

Ummu Hanan:
Kai wannan ta yi zafi

Malam Na Zariya:
Ta yi zafi amma ba ƙarya a ciki, kuma 'yan ƙasarsa ma sun yi masa wannan tambayar. Batun soja dai bayan Hitler ya auka wa Rasha a 1941 ne 'yan gurguzun Indiya suka ce yaƙin ya zama na kowa, shi ya sa ya shiga, ka ga ko nan ma Mosko ce ta juya akalar. Na Afganistan ba ni da abin kare shi. Na Bangladesh a 1971 da sojan ƙasarsa suka yi ɓarna ya yi rubutu amma a lulluɓe, sai 1974 da ya je Dhaka tare da Bhutto ya dawo ya yi wadda yake tambaya damina nawa za a yi kafin jinin nan ya wanke. Wasu sun ce ya makara. Ina ganin halinsa ne ma haka, ba mai ihu ba ne, waɗanda suka ji shi yana karanta waƙarsa sun ce kamar mai jin barci, sigari a hannu, murya ƙasa ƙasa. Ko a 1947 da aka raba ƙasa Indiya da Pakistan kowa na murnar 'yanci shi cewa ya yi wannan asubar mai tabo ce, dare ya sare ta, ba ita muka yi ta jira ba, a ci gaba da tafiya ba a iso ba. Jirage na isowa Lahor cike da gawarwaki a lokacin. Masu kishin ƙasa suka ce ya ɓata musu biki, 'yan'uwansa na hagu irin su Ali Sardar Jafri suka ce ya yi kewaye kewaye bai kama sunan mai laifi ba.

Ɗan Damagaram:
Na gode Malam da ba ka kare shi ido rufe ba. Saura ɗaya. Talakan da yake wa waƙar yana jin ta? Manomin Panjab Panjabi yake yi, shi kuma Urdu mai nauyi cike da Farisanci yake rubutawa.

Kwamared Sawaba:
Nan kam zan ba ka rabin gaskiya. Wanda talaka ke ji kai tsaye Habib Jalib ne, shi a bakin titi yake tsayawa, da Ayub ya kawo tsarin mulkinsa na 1962 ya fito yace ban yarda ba ban sani ba, kalmomin da mai turin baro zai haddace a take, kuma ya sha ɗauri ya mutu ba shi da komai a 1993. In za a kwatanta da namu Jalib ya fi kama da mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin. Fa'iz kuma sai ka ce Sa'adu Zungur, malami ɗan malamai mai zurfin Larabci da boko, in ya yi baiti sai an zauna an warware. Bambancin Sa'adu da harshen da uwarsa ta yi masa magana ya rubuta.

Malam Na Zariya:
Kwatancen ya yi, sai dai a riƙe shi da sauƙi, Sa'adu bai taɓa zama ɗan gurguzu ba kuma gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara. Inda suka haɗu da gaske shi ne awo. Waƙar Urdu a kan aruli na Larabawa take tafiya ta hanyar Farisa, kamar yadda rubutacciyar waƙarmu take, akwai ƙafiya akwai kalmar da ke dawowa ƙarshen kowane baiti. Shi ya sa in ka ji ana rera gazal, wato waƙar soyayyarsu mai baiti bibbiyu, ko ba ka jin kalma ɗaya kunnenka na Bahaushe zai gane inda baiti zai sauka. Ga kalmomin kuma, zulm zalunci, zalim azzalumi, haƙ haƙƙi, khabar labari, duniya duniya. Dabarar Fa'iz ita ce bai jefar da tsofaffin kayan ba, masoyiya da kishiya da mai gadin ƙofa da mai wa'azi da kejin tsuntsu duk ya bar su a inda suke ya sauya musu aiki, masoyiyar ta zama ƙasa ko 'yanci, maharbin ya zama gwamnati. Mai tace rubutu a gidan yari zai karanta ya ga waƙar soyayya ya buga hatimi ya wuce. Kan tambayar Ɗan Damagaram kuma mawaƙa ne suka kai shi inda littafi bai kai ba, Nur Jahan da Mehdi Hassan da Iƙbal Bano, direban babbar mota da bai taɓa riƙe littafinsa ba ya san amshin.

Abu Sumayya:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, ba zan ɗauke shi abin koyi ba. Amma zancen gaskiya wancan hoton na duwatsu kamar auduga a kan azzalumai ya zauna. Malam in kana da cikakkiyar fassarar ka turo min ta gefe in karanta da kaina, ba na son yanke hukunci da guntu.

Ɗan Fagge:
Allahu akbar, an fara shigowa hhhh

Abu Sumayya:
Ɗan Fagge ka kiyaye ni.

Ɗan Zango Kumasi:
Ba a faɗi zamansa na Bairut ba. Bayan Ziya ya hau ya bar ƙasar ya je can yana editan mujallar Lotus ta ƙungiyar marubutan Afirka da Asiya, mujallar da ke fita da Turanci da Faransanci da Larabci, kyautarta ce aka ba Chinua Achebe a 1975, Sembene Ousmane da Ngugi ma sun samu. Yana can har Isra'ila ta shigo Labanon a 1982 sannan ya fita, dattijo mai shekara 71 da ciwon ƙirji. Akwai waƙar reno da ya yi wa yaron Falasɗinu, yana cewa kar ka yi kuka yaro, yanzu babarka ta yi barci bayan ta gaji da kuka. Kwanakin nan da abin Gaza na ga mutane suna ta yawo da ita. Don haka Ɗan Damagaram otal ɗin nasa dai bam na sauka kusa da shi.

Ɗan Damagaram:
Na karɓi wannan. Ta Afganistan dai tana nan ban janye ba.

Maman Sadiƙ:
Baban Ikram kai da ka tayar da zancen ka yi shiru, ina malamin naku ya ƙare?

Baban Ikram:
Ina nan Hajiya, karatu nake ina komawa baya, na gode muku ƙwarai musamman Malam Na Zariya Allah ya ƙara ilimi. Malaminmu bai fi shekara biyu ba bayan nan ya tafi, lokacin da naira ta fara faɗuwa kwantiraginsu ya daina biyansu, kusan duk suka watse a tare. Na tuna ranar da ya sayar da kayansa a ƙofar gidan malamai, Vespa da tukwane da fanka, ni aka aika in taya shi ɗaure littattafai a kwali, yawanci na lissafi ne ya bar wa makaranta, amma akwai wasu 'yan ƙanana guda uku ko huɗu da bangonsu ya tsufa ya naɗe su a cikin rigar sanyi ya sa a jakar hannu, na miƙa hannu zan sa su a kwalin ya riƙe min hannu yace a'a waɗannan tare za mu hau jirgi. Yanzu da nake lissafi a 1984 Ziya ne ke mulkinsu mu kuma soja ne ke mulkinmu, ga shi baƙo mai kwantiragi, ina ganin shi ya sa ya rubuta baitin kawai ya zauna bai yi mana bayani ba. Ɗazu bayan isha'i na sa Ikram ta nemo min na Iƙbal Banon muka saurara, ya fi minti goma, da aka zo wurin da jama'a suka ɓarke da ihu ta ɗauka wayar ce ta lalace tana ta dannawa. Malam in ka tura wa Abu Sumayya fassarar nima a turo min, da baitin allo da alƙalamin da rubutunsu na asali in akwai, ina so in ga ko zan gane shi.